Ninki da Amfaninsa

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, da iyayenmu masu karanta wannan mujalla, abin da nake so in yi bayani a kansa abu ne da kowa ya raina, watau ninki. Kowa ya taɓa ninke takarda ya sa a aljihu, kowa ya taɓa ninke riga ya sa a akwati, amma kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa tsayawa suka tambayi kansu abin da ninkin yake yi wa takardar ko yadin. Ni ma da haka nake, sai da wata 'yar gardama ta faru a kan idona sa'an nan na farga.

Ana saura mako uku Ƙaramar Salla na raka Ummanmu Kantin Kwari, ta yanko yadi ɗaya da rabi don a ɗinka wa ƙanwata dogon siket, irin wanda ake jera masa ninki kewaye da ƙugu. Daga nan muka shiga cikin Fagge wurin wani dattijon tela wanda ya daɗe yana yi wa gidanmu ɗinki. Ya zaro tef daga wuyansa ya auna ƙugun yarinya, inci 24, ya auna tsawo har idon sawu, ya shimfiɗa yadi a kan tebur, sai ya kaɗa kai ya ce, "Hajiya, wannan ba zai isa ba, sai an ƙaro."

Umma ta ce, "Haba Malam! Yarinyar da ƙugunta bai kai yadi ɗaya ba? Ina za ka kai sauran?"

Ya yi murmushi ya ce, "Allah ya ba ki haƙuri, Hajiya. Ninki ne yake cinyewa, ba ni ba."

Muka kamo hanyar gida Umma tana ta ƙorafi, wai ko dai so yake ya rage ƙyalle. Ni kuwa abin ya tsaya mini a rai, domin mutumin nan ba mu taɓa kama shi da ha'inci ba. Da dare na sami tsohuwar jarida da rula, na ce bari in ɗinka siket na takarda in ga gaskiyar magana. Abin da na gani a daren nan shi ya jawo sauran gwaje-gwajen da zan kawo muku.

Tudu da kwari

Da farko ya kamata mu san cewa kari iri biyu ne kawai a duniya. In ka ninke takarda ka buɗe, ko dai karin ya taso sama kamar kunyar gona, ko ya faɗa ƙasa kamar kwarin da ke tsakanin kunya da kunya. Bari mu kira na farko tudu, na biyu kwari. In ka kifa takardar, tudu ya zama kwari, kwari ya zama tudu. Duk wani ninki da za ka gani, kome wuyarsa, jeri ne na waɗannan biyu.

In aka jera tudu da kwari bi da bi, tazararsu ɗaya, shi ne ninkin da muke yi a aji lokacin zafi mu yi fifita da shi. Na raɗa masa suna ninkin mafici. In tazarar ba ɗaya ba ce, watau doguwa sa'an nan gajera, sai ninke-ninken su kwanta a kan juna suna fuskantar gefe ɗaya; wannan na kira shi ninkin kwance, shi ne kuma irin na siket ɗin ƙanwata. In kuwa aka haɗa ninkin kwance biyu suka juya wa juna baya, sai tsakiyarsu ta fito da faɗi kamar murfin akwati, irin wanda ake yi a bayan rigar makaranta ko a kan aljihun kaki. Duk waɗannan dabam suke da tattara, wadda ake zuge zare yadi ya tattaru ba tare da awo ba, kamar yadda mazagi ke tattara bakin wando.

Lissafin tela

To, ga abin da jarida ta nuna mini. Na ce kowane ninki ya nuna faɗin inci 1 a waje. Da na duba bakin takardar, sai na ga a ƙarƙashin kowane inci da ido ke gani akwai hawa uku: na sama wanda ake gani, na tsakiya wanda ya koma baya, da na ƙasa wanda ya sake yin gaba ya zama farkon ninki na biye. Ashe ke nan cikakken ninkin kwance yana cin yadi ninki uku na abin da zai rufe. Ƙugu mai inci 24 yana bukatar inci 72, watau yadi 2 cif, tun da yadi ɗaya inci 36 ne, ban da abin da za a bari na ɗinki da wurin zif. Mu kuwa inci 54 muka kai. Da siket ɗin gajere ne, da an raba faɗin yadin biyu an haɗa, amma dogo ne, faɗin bai isa a raba ba.

Da safe na jera wa Umma siket ɗin jarida, na warware shi a gabanta ta ga tsawonsa. Ta yi shiru, can ta ce, "Allah ya yafe mini, na zargi bawan Allah." Ran nan muka ƙaro yadi. Gani ya kori ji. Ina roƙon iyayenmu mata su riƙe wannan lissafi, domin zato irin wannan ya sha raba tela da abokin cinikinsa na shekara da shekaru. Wanda yadinsa bai kai ba kuma yana iya cewa a yi masa ninki marar zurfi, wanda hawan ciki bai kai faɗin na waje ba. Wannan yana iya tsayawa a ninki biyu, sai dai bai kai cikakken kyan zubi ba.

Gadar takarda

Gwaji na biyu kowa yana iya yinsa yau a gida. Sami gwangwanin madara biyu, ka ajiye su da tazarar kamar santimita 20. Ɗora farar takarda irin ta buga jarrabawa a kansu ta zama gada. Za ka ga ko nauyin kanta ba ta iya ɗauka, sai ta lotsa ta zame ƙasa. Ɗauke ta ka yi mata ninkin mafici a tsawonta, kowane kari santimita 1 da na kusa da shi, ka mayar a kan gwangwanayen yadda kunyoyin za su miƙe daga wannan gwangwani zuwa wancan. Yanzu ɗora murafen kwalba ɗaya bayan ɗaya, ka bi da biro, ka bi da akwatin kayan lissafi. Takardar da ta kasa ɗaukar kanta ga ta tana ɗaukar abin da ya fi ta nauyi nesa ba kusa ba, alhali ko ƙwayar zarra ba a ƙara mata ba.

Me ya kawo haka? Duk abin da aka ɗora wa nauyi ya lanƙwasa, samansa matsewa yake yi, ƙasansa kuma yana miƙewa. Iyakar nisan da ke tsakanin saman da ƙasan, iyakar wahalar lanƙwasa shi. Gwada da rularka ta katako: a kwance tana lanƙwasuwa da yatsa biyu, amma in ka tsai da ita a kan gefenta, sai ka gaji ba ta motsa ba. Masana lissafin gini sun nuna cewa in faɗin rula ya ninka kaurinta sau 10, to tsayuwarta a gefe ta fi kwanciyarta tauri sau 10 sau 10, watau sau 100. Takarda kuwa kaurinta bai wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, shi ya sa bandir mai takarda 500 yake tsayawa a wajen santimita 5. Da ka ninke ta, ka mai da ita rula da yawa ke nan a jere, kowacce a jingine da 'yar'uwarta, tsakanin sama da ƙasa ya tashi daga abin da ido ba ya gani sosai zuwa kusan santimita guda.

Ci gaba da ƙara nauyi har gadar ta faɗi, ka lura da yadda take faɗuwa. Ba yagewa take yi ba. Ko dai kunyoyin su baje su koma shimfiɗe, ko ɗaya ta murƙushe a daidai inda nauyi ya danna. Maganin bajewa shi ne a shafa gam a kan tudun, a manna wata takarda shimfiɗaɗɗiya sama da ƙasa. In ya bushe ka sake gwadawa, za ka sha mamaki. Abin da ka ƙera ɗin nan kuwa ba baƙo ba ne, kwali ne.

Kwali da kwano

Duk wanda ya bi ta Kasuwar Singa, ko ya shiga Kasuwar Sabon Gari, wadda aka sa wa sunan Muhammadu Abubakar Rimi, gwamnan farar hula na farko a Jihar Kano, ya ga katan-katan na sabulu da taliya da madara an jibge su sun fi tsayin mutum, na ƙasa yana ɗauke da na sama. Roƙi wani yagaggen kwali ka ɓare shi. Za ka tarar da takarda mai kunya-kunya a tsakiya, an manne ta tsakanin takardu biyu. Duba kuma inda kunyoyin suka nufa: a jikin katan a tsaye suke, daga ƙasa zuwa sama, kamar ginshiƙai. Shi ya sa katan ya fi ɗaukar nauyi in an ajiye shi daidai, in kuwa aka kwantar da shi a gefe ko ruwa ya taɓa shi, ƙarfin ya tafi.

Wannan dabara tana da tarihi. A Ingila aka fara yi wa takarda mai kunya rajista a 1856, abin dariya kuwa, don a sa ta cikin dogayen hulunan Turawa su tsaya. A 1871 wani mutumin Amurka, Albert Jones, ya yi rajistar amfani da ita wajen naɗe kwalabe kada su fashe. A 1874 Oliver Long ya ƙara mata shimfiɗaɗɗiyar takarda don kada kunyoyin su baje, daidai abin da muka yi wa gadarmu.

Ƙarfe ma haka. Falle na ƙarfe marar kauri lanƙwashewa yake yi kamar tabarma, amma in aka yi masa tudu da kwari sai ya miƙe daga katako zuwa katako, kwarin kuma ya zama hanyar ruwan sama. Wani injiniya a Landan, Henry Palmer, shi ya yi rajistar wannan a 1829. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka yanka Sabon Gari wajen 1913, kaya masu nauyi suka sami hanyar zuwa daga bakin teku, har da kwanon rufi. Yau in ka hau bene a Fagge ka duba, iyakar ganinka kwano ne, watau iyakar ganinka ninki ne. Ko gwangwanin da muka yi gada da shi, in ka shafa jikin manyansu za ka ji zobba-zobba da aka yi musu don kada su lotsa.

Amma fa kada mu ɗauka Turawa ne suka fara. Tun kafin su, Allah ya halicci ganyen giginya da kabar goruba da ninkin mafici. Sabon ganye yakan fito a rufe kamar tsinke, sa'an nan ya buɗe, kunyoyinsa su riƙe shi iska ba ta karya shi. Buzuzu ma yakan ninke fukafukansa ya ɓoye su ƙarƙashin ƙoƙon bayansa, in zai tashi ya warware.

Babban abu a ƙaramin wuri

Amfanin ninki na biyu shi ne shigar da abu mai faɗi cikin wuri ƙanƙane. Je wurin bakanike ka roƙa ya nuna maka matatar iska ta mota. Takarda ce aka yi wa ninkin mafici. A ce bakin akwatinta santimita 20 ne, aka jera kunya 20, kowacce zurfinta santimita 2. Kowace kunya tana da gefe biyu, saboda haka takardar da ke ciki ta haura santimita 80, watau ninki huɗu na bakin akwatin. Iska ta sami ƙofa huɗu maimakon ɗaya, ƙurar hunturu kuma ta daɗe ba ta toshe ta ba.

Haka nan a shekarar 2020, lokacin annobar korona, da teloli suka shiga ɗinka takunkumi, ninkin kwance uku suka riƙa yi masa. Gefensa ya zauna gajere a kusa da kunne, tsakiyarsa kuwa ta buɗe ta rufe hanci da haɓa. Dalilin ke nan da ya sa mai siket ɗin ninki take iya dogon taku, alhali ƙugun a tsuke yake.

Mutanen Japan sun yi nisa a wannan fanni. Su suka ƙago mafici mai naɗewa fiye da shekara 1,000 da suka wuce, suna kuma da sana'ar ninkin takarda da suke kira origami. A 1970 wani masanin kimiyyarsu, Koryo Miura, ya fito da wani ninki wanda in ka kama kusurwa biyu ka ja, takardar duka ta buɗe gaba ɗaya, in ka tura ta rufe gaba ɗaya. A 1995 aka gwada shi a sararin samaniya, a jikin wani tauraron ɗan'adam na Japan, wajen buɗe faifan da ke tara hasken rana, domin roka ba ta da wurin ɗaukarsa a shimfiɗe.

Kai ma kana iya yinsa. Yi wa takarda ninkin mafici a tsawonta, gida 5, ta zama siririn ɗauri. Ja layuka 6 a kan ɗaurin, tazararsu ɗaya, amma kowanne ya ɗan karkace kaɗan, duka zuwa gefe ɗaya. Ninke ɗaurin a kan layukan nan, gaba da baya, ka danne sosai, sa'an nan ka buɗe takardar duka. Za ka ga layuka masu tafiyar maciji sun ratsa ta. Sauran aiki shi ne ka bi layin maciji na farko ka mai da shi tudu tun daga farkonsa har ƙarshe, na biyu kwari, na uku tudu, har su ƙare, sa'an nan ka tattaro takardar a hankali; miƙaƙƙun layukan za su bi da kansu. In ka yi daidai, a kowace mahaɗa za ka ga kari huɗu, uku iri ɗaya, ɗaya dabam. Na ɓata takardu da dama kafin ya yi mini, saboda haka kada ka yi fushi. Sannu ba ta hana zuwa.

Kowane abu da halinsa

Da na ga abin ya yi a takarda, sai na shiga gwada wasu kayan. Ga abin da na koya.

Takarda kanta tana da hanya. Injin da ke yin ta yakan jera yawancin zaruruwanta su fuskanci gefe ɗaya. Yaga jarida daga sama zuwa ƙasa, sa'an nan daga gefe zuwa gefe. Ɗaya zai tafi a miƙe, ɗaya ya karkace. Ninkin da ya bi hanyar da ta yage a miƙe ya fi fita sumul. Kati mai kauri kuwa in ka ninke shi da ƙarfi fashewa yake yi a kan karin. Sai ka fara bin layin da biron da tawadarsa ta ƙare, kana dannawa a jikin rula, sa'an nan ka ninke. Masu ɗab'i na Sabon Gari da ke buga katin biki ba sa ninke kati sai sun yi masa wannan shaida tukuna.

Yadin auduga yana karɓar kari da guga, amma da ya sha ruwa ya manta. Shi ya sa ake sa masa sitaci, shi ya sa kuma tela yake bin saman ninkin da ɗinki don ya kama shi. Masu wankin hula da sitaci suke tsai da ita, mai ita kuma ya karya ta yadda yake so. Gwaggwaron da mata ke ɗaurawa ranar biki, wanda matan Yarabawa suka gwanance a kansa, taurin yadin ne yake riƙe hawa-hawan da aka jera a goshi.

Yadin zaren roba, wanda ake kira foliyesta, halinsa dabam ne. Zafi yana tausasa zarensa, in ya huce a ninke sai ya zauna a haka ko an wanke. Masu wannan sana'a sukan ninke kati biyu iri ɗaya, su shimfiɗa yadin a tsakaninsu, su tattara su ɗaure, su turara, su bari ya huce sa'an nan su kwance. Wani mai zanen tufafi na Japan, Issey Miyake, ya yi suna a duniya da tufafin da ya fitar a 1993, waɗanda ake ɗinka su da girma tukuna, a sa su tsakanin takardu, a bi da su ta injin zafi. Wanda zai gwada a gida ya sa ɗanyen ƙyalle tsakanin dutsen guga da yadin, domin roba in zafi ya yi yawa narkewa take yi, ƙananan yara kuma kada su yi sai da babba a kusa.

Fata sai an ɗan jiƙa ta, a ninke, a danne da nauyi har ta bushe. Dukawa sun san wannan tun kaka da kakanni. Gwangwani yana riƙe kari fiye da kome, amma sau ɗaya ake ninke shi. In ka yi ta kai shi kana komowa sai wurin ya yi tauri ya tsage, bakinsa kuma yana yanka hannu. Leda kuwa na yi juyin duniya ta ƙi, da ka sake ta ta koma yadda take. Kaba sai tana ɗanya ko an jiƙa ta, in ta bushe karyewa take yi. Gaskiyar Bahaushe da ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Akwai kuma ninkin da ba don ya zauna ake yinsa ba. A rini, in aka yi wa farin yadi ninkin mafici aka ɗaure shi tamau kafin a tsoma shi a baba, inda ɗaurin ya matse ba ya shan rini, in an kwance sai zane ya fito. Wanda yake son ganin yadin da aka ɗaure kafin rini ya je karofin Ƙofar Mata, wanda ake cewa tun 1498 yake. Sha'awar ninki a tufafi kuwa ta girmi haka nesa. A 1913 masu haƙar kayan tarihi suka tono wata rigar lilin a Tarkan ta ƙasar Masar, wadda awon masana ya nuna ta haura shekara 5,000, ga ƙananan ninki a jere a kafaɗunta da hannuwanta. Tana ajiye a wani gidan tarihi a Landan. Ashe tun wancan zamani akwai telan da ya san ninki yana cin yadi.

Iyakar ninki

Ga wata gasa da za ku yi da abokai. Ninke takarda biyu, ka sake ninke ta biyu, ka yi ta yi. Da wuya ka wuce sau 7. Dalili kuwa kowane ninki yana ninka hawa: 2, 4, 8, 16, 32, 64, 128. A ninki na 8 kana ƙoƙarin lanƙwasa hawa 128 ne, kaurinsu ya haura santimita guda, faɗin kuwa ya ƙanƙance. Da za a iya kaiwa sau 42, lissafi ya nuna kaurin zai kai wajen kilomita 440,000, ya wuce nisan wata, wanda yake wajen kilomita 384,000. Wanda bai yarda ba ya ɗauki biro ya ninka da kansa.

An daɗe ana cewa ba mai iya wuce sau 7 ko 8, sai a 2002 wata ɗalibar sakandare a Amurka, Britney Gallivan, ta zauna ta fitar da lissafin tsawon takardar da ake bukata, ta samo siririyar takarda mai tsawon wajen mita 1,200, ta ninke ta sau 12. Tsararmu ce lokacin da ta yi wannan. Ba ta da wani inji, sai dai ta ƙi karɓar "an ce" ba tare da gwaji ba.

Kira gare mu duka

'Yan'uwana ɗalibai, da yawa daga cikinmu mun ɗauki darasin aikin hannu lokacin hutu ne, muna ganin lissafi yana cikin littafi, sana'a kuma tana kasuwa, babu abin da ya haɗa su. Dattijon telan nan na Fagge bai taɓa rubuta mini wata ƙa'ida a allo ba, amma da kallo ɗaya ya ninka 24 sau 3 ya ƙara na ɗinki. Ba dukanmu ne za mu sami aikin ofis ba, wanda ma zai zama injiniya sai hannunsa ya san abin da kansa ya haddace. A Jamus, Friedrich Froebel, wanda ya kafa makarantar ƙananan yara a 1840, ya sa ninkin takarda cikin darussansu, a shekarun 1920 kuma wani malami, Josef Albers, da takarda yake fara koyar da manyan ɗalibai masu koyon zane da gini a makarantar Bauhaus. Kayan aikin kuwa ba sai an saya ba. Tsofaffin littattafan rubutu da muke yagawa muna zubarwa a kwata, har su taru da leda su toshe ta da damina, sun isa.

Iyayenmu kuma, don Allah in kun ga yaro ya duƙufa yana ninke-ninken takarda, kada ku yi saurin cewa wasan banza yake yi. Ku tambaye shi me yake gwadawa, me ya gani, me ya sa. In da hali ku kai shi wurin tela ko baduku ko mai ɗab'i lokacin hutu ya zauna ya kalla, ya gaishe su da ladabi, ya yi tambaya, domin matambayi ba ya ɓata.

Ƙanwata ta sa siket ɗinta ranar Salla, na ƙirga ninkinsa 24 cif, kowanne inci guda. Da muka je gaishe da telan bayan Salla na nuna masa ninkin Miura da na yi, ya ja ya buɗe, ya tura ya rufe, ya sake ja, sa'an nan ya ce, "Yaro, bar mini wannan, zan gwada shi a yadi." Na bar masa. Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya sa albarka a sana'o'in iyayenmu, amin.